Birkin Mustang ɗina na kuka, in canza fad da kaina kafin ranar kai amarya?

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kana lahiya. Ni matashi ne nan Birnin Kebbi, ina da Ford Mustang GT ta 2016 da anka kawo min tokumbo. Kwanan nan duk na taka birki sai in ji wani siririn kuka daga gaba. Makaniken gidanmu, da muka kira Baba, abokin mahaifinmu ne, tun muna yara shi ka gyaran motocin gida, amma wancan karon da na kai ta yaran garejin sunka sa bututu ga sifana sunka ɗaure taya har ƙusa guda ta karye, sunka kuma kankare min rim, ban iya cewa komai ba saboda nauyin Baba. Na kalli bidiyo da yawa a YouTube na ga aikin bai da wuya, ina son in canza fad da kaina cikin gida. Hajiya ta ce in bar ma masu abu abinsu. Ga shi ranar Asabar auren abokina ne kuma motata za ta ɗauki amarya zuwa Jega, kayan ko sai Alhamis ko Juma'a za su iso daga Kano. In yi da kaina daren Juma'a, ko in haƙura in mai da ta wurin Baba? Ƙanenka daga Birnin Kebbi.

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya sanya alheri a auren abokin naka. Bari in fara ba ka amsar kafin dogon bayani. Canza fad, wato abin da ke matse faifan taya in ka taka birki, ba wani aikin a zo a gani ba ne, mutum mai natsuwa in yana da kayan aikin da suka dace zai iya yinsa a gida, kuma ni ba na cikin masu cewa duk wanda bai yi zaman gareji ba kada ya taɓa sifana. Amma daren Juma'a kam a'a, kuma karon farko ba kai kaɗai ba. Aikin birki ba ya yafe mantuwa, noti ɗaya ka bari sako-sako ko mataki ɗaya ka tsallake ba za ka sani ba sai daidai lokacin da kake neman motar ta tsaya.

Mai bidiyon da ka kalla yana cikin gareji mai daɓen siminti, ga fitilu, ga akwatin kayan aiki cike, kuma duk wurin da noti ya cije masa ya yanke shi bai nuna maka ba. Kai kuma ka duba yadda naka daren zai kasance, direba ya sauke kayan a tasha bayan la'asar, ka karɓo, ka fara bayan isha'i, an ɗauke wuta kana riƙe da tocilar waya a baki, ka kwance komai sai ka tarar fad ɗin da aka aiko ba irin naka ba ne ko kuma ba ka da sifanar da ta shiga wani noti, shaguna sun rufe, mota na tsaye da ƙafa uku, ango na ta kiran waya yana tambayar ƙarfe nawa za a kai ta a yi mata kwalliya. A irin wannan halin ne mutum mai hankalinsa yake cewa "a haka ma zai yi". Sauri ya haifi nawa ke nan.

To yanzu abin da za ka yi yau, ba sai kaya sun iso ba, shi ne ka gano ko ma fad ɗin ya ƙare da gaske. Kuka ba kullum yake nufin ƙarewa ba. Ƙurar garin nan kaɗai tana sa birki tsuwa, haka in mota ta kwana biyu a ajiye da damina faifai ya ɗan yi tsatsa, kuma wasu fad na motocin gudu dama halinsu ne su yi kuka in suna da sanyi. Ka karya sitiyari zuwa ƙarshe, ka haska tocila ta tsakanin rim ka leƙa inda fad ya rungumi faifai. Za ka ga ƙarfen baya sannan naman fad ɗin da ke manne da shi, naman nan shi za ka duba. Sabo yakan kai milimita 10 zuwa 12, in ya sauko wajen milimita 3 lokacin canji ya yi. Yawancin fad suna da wani ɗan harshen ƙarfe da aka sa musamman don ya fara taɓa faifai yana tsuwa in nama ya kusa ƙarewa, wannan gargaɗi ne. Amma in ƙarar ta tashi daga tsuwa ta koma gurza mai kauri har kana jin ta a ƙafarka, to ƙarfe ne ke cin ƙarfe, faifan ma ya fara tafiya. Kuma ka duba na ciki da na waje, ka duba taya ta hagu da ta dama, don in ɗaya ya cinye ɗaya na nan da ƙibarsa to akwai fistin da ke tura fad ko fil na birkin da ya maƙale, sabon fad ba zai gyara wannan ba, shi ma haka zai cinye.

Abin da ka gani shi zai yanke hukuncin Asabar. In nama ya haura milimita 4 ko 5 ko'ina, feda na da tauri, mota ba ta ja gefe in ka taka, to ka bar ta yadda take ka kai amarya a hankali ka dawo, aikin sai sati na sama. In kuwa ya yi ƙasa da haka ko tana gurza, ka kira ango yau ɗin nan ka gaya masa ya nemi wata motar, kunyar yau ta fi sauƙi a kan ta safiyar Asabar. Ɗiyar mutane za ka ɗauka da ƙawarta ko gwaggonta, a hanyar da tirelolin albasa da shinkafa ke bi, ga shanu na tsallakawa ba sallama.

Zancen sayen kaya kuma, a nan ne da yawa ke faɗuwa tun kafin su taɓa sifana. Mustang ta shekararka ba birki iri ɗaya aka yi musu duka ba. Ƙaramar mai injin EcoBoost nata daban, GT ta gama-gari kalifarta ta gaba, wato ƙarfen da ke riƙe da fad yana matse shi a jikin faifai, mai fistin 4 ce, akwai kuma GT da aka fitar da babban birkin Brembo mai fistin 6 da faifai mai faɗin milimita 380. Fad ɗin wannan ba ya shiga waccan. Don haka cewa mai shago "na Mustang 2016" bai isa ba, ka tura masa lambar casis ɗin nan mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka haɗa da hoton kalifar ta WhatsApp, don motar tokumbo ba ka san abin da aka canza mata a can ba kafin ta hau jirgi. Kuma ka ƙwanƙwasa kalifar da yatsa, akwai murfin roba ja da ake mannawa an rubuta Brembo a jiki don burga kawai, a ƙarƙashi ba komai sai ƙaramar kalifa.

Irin kayan nan dama ba kasafai ake samunsu a kusa ba, sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Apo a Abuja ko Ladipo a Legas, kuma ko'ina ka je akwai mai kyau akwai na bogi, wani lokacin cikin kwali iri ɗaya. In an faɗa maka kuɗin da ya yi daɗi da yawa ka tuna araha ba ta ado. Ka juya fad ɗin ka duba gefensa ko bayansa, na kasuwar Amurka yawanci akwai haruffa biyu a ƙarshen lambarsa irin FF ko GG, na farko ƙarfin kamunsa ne da sanyi na biyu kuma da zafi, G ya fi F kamu, F ya fi E. Na kasuwar Turai kuma za ka ga alamar R90. Mai bogi zai iya buga wannan shi ma, amma wanda babu komai a jikinsa sam, fentin na gogewa a hannu, naman kamar an manna shi a karkace, ajiye musu abinsu. Fad ɗin da aka ciro daga wata motar kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Sannan in abokai suka zuga ka ka sayi na tsere, ka sani shi sai ya ɗau zafi sosai yake kamawa, da safe daga gida zuwa masallaci ko ofis bai kai na titi kamu ba, ga kuka ga cin faifai. Na titi mai kyau ya ishe ka.

Dalilin da ya sa nake matsa maka a kan wannan, motarka ta kai kusan kilo 1,700 kuma tana da ƙarfin da cikin 'yan daƙiƙu take kai ka gudun da ba ka yi niyya ba. Birki ba abin da yake yi sai mai da gudu ya koma zafi, kuma in ka ninka gudu sau biyu zafin da fad da faifai za su sha ninkuwa yake yi sau huɗu, wato tsayawa daga gudun kilomita 120 a awa ta ninka tsayawa daga 60 har sau huɗu. Fad ɗin bogi a cikin gari ba za ka gane shi ba, sai ranar da ka taka shi da ƙarfi sau biyu sau uku a jere da ranar Afrilu.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni tsoro a aikin gida, ba birkin ba ne ma, ɗaga motar ne. Yawancin gidajenmu tsakar gida yashi ne, jak a kan yashi nitsewa yake yi a hankali ya karkace, intalok ma in ba a daɓe ƙasansa da kyau ba yana motsi. Sai daɓen siminti mai ƙwari wanda ba shi da gangara. Jak aikinsa ɗagawa ne kawai, da zarar mota ta tashi sai a sa mata ƙafar ƙarfe ta zauna a kai, ba bulo ba, bulon siminti fashewa yake yi lokaci guda ba ya gargaɗi. Tayar da ka cire ka kwantar da ita ƙarƙashin gefen motar, in wani abu ya zame ta faɗa kan taya ba kan ƙafarka ba. Ka datse sauran tayoyin da katako ko dutse gaba da baya. Motar nan kuma gajera ce, jak ɗin da ba a sa shi daidai wurin da kamfani ya yi wa alama a ƙasan gefe ba zai lanƙwasa maka ƙarfe ko ya fasa robar gefe, kuma da yawan irin motocin nan ma ba su zuwa da jak ko safaya taya, sai ɗan famfo da ruwan like a but, don haka ka duba kafin ka sa rai. Notin taya ana fara sassauta su ne tana ƙasa, ɗan kaɗan, sannan a ɗaga. Yara kuma a shigar da su ɗaki, ba wurin kallo ba ne.

In ka cire taya kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoto, kowane sifirin da kowane fil yadda yake zaune. Ka yi gefe ɗaya ka gama kafin ka kwance ɗayan, don in ka rikice ka zagaya ka leƙa wanda bai taɓu ba. Amma dole a canza hagu da dama tare, ba a canza fad na taya ɗaya. Wata kalifar fil ake zarewa a zaro fad tana nan zaune, wata kuma sai an kwance ta gaba ɗaya, ka tabbatar bayanin da kake bi na irin taka ne daidai. In ka kwance ta kada ka sake ta tana reto a jikin tiyon mai, tiyon nan zai iya lalacewa ta ciki ba ka gani ba, ka sami waya ko igiya ka rataye ta a jikin sifirin.

Sabon fad ya fi tsohon kauri, don haka sai an mai da fistin ciki. Kafin ka fara buɗe bonet ka duba kofin man birki, don duk abin da ka tura ciki can sama man zai koma, in wani ya taɓa ƙara mai lokacin da fad ya cinye to zai yi ambaliya, kuma man birki yana cin fenti, ka tanadi sirinji sabo ka zuƙe kaɗan ka kuma kewaye kofin da tsumma. Ka bar tsohon fad a wurin ka tura fistin ta bayansa a hankali, kada ka soka sukundireba kai tsaye, robar da ke kewaye da fistin in ta yage ƙura ta samu ƙofa. A kalifa mai fistin da yawa kana tura wannan wancan na fitowa, sai ka riƙe su tare, in ka yi sakaci ɗaya ya fito gaba ɗaya mai ya zube iska ta shiga, aikin ya tashi daga na gida. Kuma duk tsawon lokacin nan kada kowa ya shiga motar ya taka feda, ƙanenka mai son zama a kujerar direba ka karɓe makulli ka sa aljihu.

Na baya ka ma bar shi in bai ƙare ba, na gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin kuma shi ke rigan ƙarewa. In kuma ya zama dole, ka sani a motarka hambirki a cikin kalifar baya yake aiki, fistin ɗin ba a tura shi da ƙarfi, murɗa shi ake yi yana shiga ana dannawa, da wani ɗan ƙarfe mai haƙora da aka yi don haka. Wanda bai sani ba ya sa ƙarfi ya matse shi ya kashe kalifar. Kuma sai an sauke hambirki ake aikin, wato duwatsun da ka datse tayoyin gaba da su su kaɗai ke riƙe da motar.

Faifan ma ka dube shi da kyau tunda ga shi a fili. Ka bi shi da farce, in akwai zurfafan layuka ko tsagewa ko ya yi shuɗi-shuɗi saboda zafi, ko dama sitiyari na rawa in ka taka birki a guje, to ba fad kaɗai ba ne. A jikinsa an buga MIN TH da wata lamba, wannan shi ne iyakar siririn da aka yarda ya yi, a auna da ma'aunin kauri, in ya kai nan canji ne ba gogewa ba. Wajen wanki kada ka sa fetur ko gas ko baƙin mai, suna kumbura roba suna kuma ɓata fad, akwai abin feshi na wanke birki shi za ka nema. Ƙurar ma kada ka hura ta da baki ko da iska, ba abin shaƙa ba ce. Giris kuma na birki ake sa wa, ɗan kaɗan a kunnuwan fad da fil ɗin da kalifa ke zamewa a kai, ko ɗigo kada ya taɓa fuskar fad ko faifai, in hannunka ya yi maiƙo ka wanke kafin ka ɗauki sabon.

Sai ɗauri, wanda shi ne asalin abin da ya haɗa ka da yaran Baba. Kowane noti yana da awonsa, kuma akwai sifana mai awo wadda kake saita lamba in ta kai ta yi ƙas ka tsaya. In ba ka da ita ba ka shirya ba, ko saya ko aro. Notin tayar Mustang daga 2015 zuwa sama Nm 204 ne, Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri, ya fi na yawancin ƙananan motocin da muka saba da su sosai, shi ya sa mai ɗaurewa da hannu kawai yakan bar shi bai kai ba, mai hawa kan bututu da ƙafa kuma ya wuce har ƙusa ta miƙe ta karye. Ana fara sa su da hannu duka biyar, sannan a ɗaure ana tsallake ɗaya, ba bi da bi ba, a kammala bayan mota ta sauka ƙasa, in ka yi tafiyar kilomita 100 ko makamancin haka ka sake bin su. Notin kalifa su ma da nasu awon, ka ciro shi daga littafin gyaran motar ka rubuta a takarda kafin ka fara, kada ka ƙiyasta.

Wannan da zan faɗa yanzu in ka ga dama ka rubuta shi a kwali ka manna a sitiyari. Bayan ka gama komai, kafin ka sa giya, ka taka birki ka saki ka taka ka saki, gajere-gajere, har sai feda ta yi tauri. Tunda ka mai da fistin ciki, takun farko da na biyu feda zubewa take yi ƙasa babu birki ko kaɗan. Mutum ya gama aiki yana jin daɗi, ya wanke hannu, ya shiga ya sa ribas, mota ta tafi, ya taka ba komai, a bayansa kuma get ne ko katanga ko yaron maƙwabta da ya leƙo kallon mota. In feda ta yi tauri ka danne ta na ɗan lokaci ka ji ko tana nitsewa a hankali, ka leƙa bayan kowace taya ko akwai jiƙa, ka duba kofin mai yana tsakanin layukan nan biyu. In tana nitsewa ko ta yi laushi to motar ba ta fita, sai an kira mai gyara ya zo inda take.

Ko an yi komai daidai sabon fad ba ya ba da cikakken kamu ranar farko, shi da faifai kamar ɗan dutsen niƙa ne da uwarsa, sai sun goga juna sun zauna. Ana fita da sassafe a miƙaƙƙen titi wajen gari inda ba kowa gaba ba kowa baya, ba cikin gari tsakanin 'yan kabu-kabu ba, ka kai kamar 60 ka taka da ɗan ƙarfi ka sauko wajen 10 ba tare da ka tsaya cak ba, ka sake, kamar sau 8 zuwa 10, sannan ka yi ta tafiya 'yan mintuna ba ka taɓa birki ba ya huce. Kada ka tsaya ka danne feda yana da zafi, yana barin tabo a faifai daga baya ka ji rawa. In akwai takarda a kwalin fad ɗin ka bi tata. Kilomita 200 zuwa 300 na farko kuma a tafi da shi a hankali. Ka ga ko da aikin daren Juma'ar ya tafi lami lafiya, da birkin da bai zauna ba za ka shiga ayarin kai amarya, inda kowa ke manne da bayan ɗan'uwansa ana taka birki ba shiri.

Man birkin kansa, motarka irin wanda ake kira DOT 4 take sha, an rubuta a murfin kofin, kada a zuba mata duk abin da aka samu, musamman DOT 5 wanda ba ya haɗuwa da sauran. Man nan yana shan danshi daga iska, DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, in ya tafasa kuwa feda ta tafi ƙasa. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu zuwa uku, motar tokumbo kuma Allah kaɗai Ya san yaushe rabonta. In ya yi baƙi a canza, amma wannan aikin mutum biyu ne kuma na wanda ya saba.

Wanda ya kawo mu kan Baba. Ni a ganina ka haɗa abu biyu wuri guda, haushin yaransa da kuma kunyarsa, sai ka zaɓi hanyar da ba sai ka yi magana da kowa ba. To amma garin nan ƙarami ne, zai ji cewa ka kwance mota a gida, kuma wannan zai fi yi masa ciwo a kan ka je ka same shi. Ka je da kanka ba a waya ba, ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce Baba ina son in koyi canza fad da hannuna, ina roƙon ka zo gida ka zauna a kaina ko ka ba ni babban yaronka, ni zan riƙe sifana. Ka biya kuɗin aiki cikakke kamar shi ya yi, har da na mai. Dattijon da ya tashi a kan Fijo 504 ya bi ta kan Golf da Corolla wataƙila bai san awon notin Mustang ba, wannan kai za ka kawo, amma ƙafarsa ta san fedar da ba ta da lafiya, idonsa zai ga tiyon da ya fara tsagewa da robar da ta yage wanda kai za ka wuce ba ka lura ba. In an zo ɗaurin taya ka fito da sifanarka mai awo ka ce Baba ga abin da kamfani ya ce, wancan karon da aka sa bututu ƙusa ta karye. Ka ga ka faɗi maganarka ba ka ci fuskar kowa ba, kuma ba mamaki ka ga ya aika a sayo masa irinta. In ya ƙi, ko ya mai da abin raini, ka yi naka, sai ka nemi wani wanda ya saba da manyan motoci ya zauna maka, ka ci gaba da kai wa Baba sauran motocin gida.

Hajiya kuma ba ƙarfe take tsoro ba, kai take ji. Ka gaya mata da rana za a yi, Baba ko yaronsa na wurin, kuma ba kafin biki ba, za ka ga ta saki. In ka tafi Jega ranar Asabar ka bar tazara tsakaninka da na gabanka ko da 'yan ayari na yi maka hon, ƙa'idar 'yan rod sefti ga ƙaramar mota 50 ce a cikin gari 80 a babbar hanya, kuma na san abokan ango za su ce ka ɗan juya ta a ƙofar gida a ga hayaƙin taya, wannan kada ka fara, wurin cike yake da yara.

Ƙusar nan da ta karye ba ka gaya min ko an canza ta ba. In har yanzu noti huɗu ke riƙe da tayar, to wannan ya riga fad, gobe da safe a sa sabuwa, a kuma duba sauran huɗun da na sauran tayoyin tunda bututu ɗaya aka sa musu duka.